Tun da masaƙun Kakuri suka yi shiru

A shekarun 1970, saurayi mai takardar firamare kan samu aiki a masaƙun Kakuri a Kaduna ko masana'antun Bompai a Kano. Albashin ba wani mai yawa ba ne, amma kafin ya cika talatin ya yi aure, ya sayi keke, yana aika wa mahaifiyarsa kuɗin cefane. Ya san abin da zai shigo hannunsa a ƙarshen wata.

Daga tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 darajar naira ta fara zubewa. Wuta ta yi ƙaranci, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa, masaƙu suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Jikan wancan ma'aikaci yau digiri gare shi, bayan yajin aikin malaman jami'a na ASUU na wata takwas a 2022 ya riƙe shi a gida. Ga shi nan bakin titi ƙarƙashin lema, na'urar POS a cinya, yana jiran mai cire dubu biyar don ya samu naira ɗari. Ko da ya dace da aiki, mafi ƙarancin albashin da aka yanka a 2024, naira 70,000, bai kai kuɗin buhun shinkafa ba a lokacin.

Iyayenmu ma sun sha wuya, ban musa ba. Abin da ke sosa min rai shi ne jiran da ba ranar ƙarewa: mutum ya haura talatin yana kwana a shagon ƙofar gidan ubansa, lefe ya gagara, yana kauce wa bikin abokai saboda kunya. Iyaye, kafin ku kira yaran nan malalata, ku zaunar da su ku ji abin da ke hana su barci.