Ganin Istanbul da Kuɗin Mota

Ɗan kasuwar Kano da ya je sarin kaya a unguwar Laleli yakan koma gida bai ga komai na Istanbul ba sai shaguna da otal. Alhali jirgin cikin gari na layin T1 ta ƙofar shagunan yake wucewa, kuma katin Istanbulkart ɗaya ya ishe shi shiga jirgin, da bas, da jirgin ruwa.

Tasha ɗaya daga Laleli, ga Beyazit, bakin rufaffiyar kasuwar nan da aka fara ginawa tun ƙarni na 15. Gaba kaɗan sai Sultanahmet, inda masallaci mai hasumiya 6 yake fuskantar Aya Sofiya, wadda aka kammala a 537 tana coci, aka sake mayar da ita masallaci a 2020. Da yamma cunkoson jirgin sai wanda ya gani, mai hankali kuwa hannunsa na kan aljihu.

A Eminonu ya kamata ɗan kasuwar ya sauka. Nan jirgin fito yake kwasar mutane daga ɓangaren Turai na birnin zuwa Kadikoy a ɓangaren Asiya, tafiyar kamar minti 20. Mai shayi yana zagayawa da ƙananan kofunan gilashi a faranti, yara na gutsura burodin riɗi suna jefa wa tsuntsayen teku, su cafe tun a sama. Ma'aikacin da ke gefen ɗan kasuwar ko ɗaga kai bai yi ba, waya yake latsawa. Hanyarsa ce ta kullum. Jiragen 'yan yawon buɗe ido ma ruwan nan suke bi, sai dai kuɗinsu ya ninka sau da yawa.