Zuwa Kadawa da Ɗan Jirgi a Jaka

Duk wanda yake son koyon sarrafa ɗan jirgin nan marar matuƙi a Kano, sai ya fara barin gari. Filin jirgin saman Malam Aminu Kano a cikin gari yake, ga barikin Bukavu, ga wayoyin lantarki da dogayen ƙarafunan sabis ko'ina, gidaje kuma a cunkushe. Shi ya sa wata Asabar cikin hunturu, bayan sallar asuba, ni da ƙanena muka ɗauki hanyar Zariya. Sana'arsa ɗaukar hoton biki, kuma jirgin nasa ne. Ni ɗan koyo ne kawai, mai sha'awar abin tun ranar da na ga yadda yake shawagi a kan mahaya a wani hawan angwanci.

Jirgin ƙirar DJI Mini 2 ne, na wani kamfani da ke Shenzhen a ƙasar Sin. Idan an naɗe hannuwansa, tafin hannu ya ishe shi zama. Nauyinsa giram 249 ne, kuma da gangan aka tsayar da shi nan, domin a ƙasashe da yawa dokar ta fi sassauci ga wanda bai kai giram 250 ba. A Najeriya kuwa, tun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta sanar cewa ba a tayar da irin waɗannan jirage sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Takardun ƙanena suna cikin jakar da jirgin yake, ba ya raba su.

Mun wuce Na'ibawa hazo bai washe ba, muka haye gadar Tamburawa masu ɗibar yashi sun riga sun shiga ruwa. Daga Kura ƙasar ta fara sauya kala. A Kwanar Gafan kwandunan tumatir sun yi layi a bakin titi, ana loda su a manyan motoci masu zuwa kudu. Wannan kore duka albarkar ruwan Tiga ne, madatsar da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, wadda ruwanta ke bin magudanai har gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Na ce ai da mun zarce Tigan, hoton ruwa ya fi kyau.

"Yaya, ba a tashi a kan madatsa," in ji shi. "Madatsa, gada, bariki, ofishin 'yan sanda, duk nesa da su ake yi. Kuma ɗan koyo ba ya farawa a kan ruwa. In ya faɗi a gona ka ɗauka, in ya faɗi a dam sai dai ka yi wa kuɗinka addu'a."

Muka sauka daga kwalta a wajen Kadawa, muka bi wata hanyar burji zuwa wani ƙauye. Kafin a buɗe jaka, sai da muka nemi mai unguwa, don da ɗan gari akan ci gari. Muka same shi a zaure yana jin rediyo. Bayan gaisuwa ƙanena ya fito da jirgin, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, wasa ne da ɗaukar hoto. Muna neman izinin fili a bayan gari."

Dattijon ya jujjuya shi, ya leƙa idon kyamarar, ya ce gara da muka zo. Tun abin da ya faru a Tudun Biri ta jihar Kaduna a watan Disambar 2023, inda jirgin soja marar matuƙi ya kashe masu taron Mauludi, mutanen karkara ba sa jin ƙara a sama su zauna lafiya. Ya ce da mun tayar da shi babu sanarwa, da wasu sun watse daga gona, wasu kuma sun zo mana da sanduna. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada abin ya bi ta kan gidaje. Ya haɗa mu da wani yaro ya kai mu wata gonar dawa da aka girbe, fili fetal, sai wata kuka guda a gefe.

Shirin tashi ya fi tashin kansa cin lokaci. Ƙanena ya shimfiɗa kwali a ƙasa saboda kada farfela ta kwashi ƙura ta cusa a injin. Ya bi farfelun ɗaya bayan ɗaya da yatsa yana neman tsagewa. Ya maƙala waya a jikin rimot, ya ce mu matsa daga mota, domin ƙarfe yana rikita kamfas ɗin jirgin. Sannan muka tsaya jiran ya kama taurarin ɗan'adam da yawa, har ya rubuta inda yake a matsayin gida. Wannan jiran shi ne inshorar mai jirgi: idan sadarwa ta yanke ko batir ya yi ƙasa, wurin da ya rubuta zai komo da kansa. Ya kuma saita tsayin da zai bi wajen komowar ya ɗara kukar nan sosai, tun da wannan samfurin ba shi da idon ganin abin da ke gabansa. Bishiya in ta tare masa hanya, shiga zai yi.

Sai ya ɗora mini rimot a hannu. Sanduna biyu ne ƙanana, kowace ƙarƙashin babban yatsa. Ta hagu ita ce hawa da sauka da juya fuska. Ta dama ita ce gaba da baya da gefe. Jirgin ya tashi da ƙugi kamar an taɓo amya, ya tsaya cak daidai tsayin mutum.

"Saki duka, Yaya. Cire hannunka."

Na saki. Bai faɗi ba, bai gusa ba, yana nan a rataye. Darasin farko ke nan, kuma shi ya fi kowanne amfani: in ka rikice, saki sanduna, jirgin zai tsaya ya jira ka. Farfelu huɗu ne, biyu na juyawa dama, biyu hagu, don kada gangar jikin ta riƙa wulwulawa. In ka tura shi gaba, na baya ne ke ƙara gudu, sai ya sunkuyar da kai ya tafi. Kwamfutar cikinsa ce ke wannan lissafi, naka kawai ka faɗa masa inda za shi, a hankali.

A hankalin nan ne wuya. Yatsan da ya saba da latsa waya yana son turawa har ƙarshe, alhali abin da ake so ɗan taɓi ne. Ya sa na yi ta hawa da sauka a kan kwalin, sannan na zana murabba'i a iska: gaba, dama, baya, hagu. Da hannuna ya fara faɗawa, sai ya ce in juyo da fuskar jirgin ta kalle ni. Nan take komai ya birkice, damata ta koma hagunsa. A nan yawancin 'yan koyo ke kai wa bango ko bishiya karo, shi ya sa ake yin wannan atisaye a ƙasa-ƙasa, a fili, har kai ya daina lissafi yatsa ya gane da kansa. Yaran ƙauyen da suka taru ƙanena ya ja musu layi a bayanmu da ƙafa, don farfelar roba ce amma tana yanka fata.

Da hantsi ya yi, iska ta taso daga gabas. A ƙasa ba ta fi kaɗa riga ba, amma da na hau sama sai gargaɗi ya fito a waya, na ga jirgin ya karkace yana turjiya. Ƙarfinsa bai wuce iska mai gudun kilomita 38 a awa ba. Ƙa'idar da ƙanena ya ba ni ita ce in tafi ina fuskantar iska, in dawo tana tura ni. Wanda ya yi akasin haka zai ji daɗin tafiya, sai a dawowa batir ya ƙare masa a hanya. A kwalin da jirgin ya zo a ciki an rubuta minti 31, amma da iska da rabon dawowa, abin da za ka mora bai fi minti ashirin da 'yan kai ba. Da batir ya sauko kashi 30 cikin ɗari, juyowa ake yi. Sauran baturan kuma a inuwar kuka muka ajiye su, don zafin cikin mota yana kumbura su.

Muna cikin haka wata shirwa ta fara kewaya jirgin. Ƙanena ya karɓi rimot, ya cilla jirgin sama tsaye, domin shirwa daga sama take kawo bara, hawa da sauri kuwa yana ba ta wahala. Ya ja shi gefe ya sauke, muka jira ta gaji ta tafi.

Hoton da ya biya wahalar tafiyar ya zo ne a wajen mita sittin. Iyakar da aka saba bi ita ce mita 120, amma a hazon hunturu tun kafin nan ido ke rasa jirgin, kuma ba a barin sa ya ɓace wa ido. A fuskar waya na ga magudanar ruwa ta miƙe sambal, ƙananan rassa na fita daga jikinta, alkama kore shar a gefe guda, tumatir da albasa a fala-fala. Inda ruwan ya tsaya, nan koren ya yanke, sai jar ƙasa da karan dawa. Wani manomi da ya bar aikinsa ya zo kallo ya leƙa wayar, ya yi shiru, sannan ya ɗora yatsa a kan wani wuri da ya yi rawaya a ƙarshen wata gona.

"Wannan tawa ce. Ashe ruwa ba ya kaiwa can kusurwar."

"Baba, ko a ƙara matsowa ka gani?"

Aka matso da hoton. Ya ce kunyar da ke wajen ce ta yi tudu, gobe zai sare ta. Ya roƙi a tura wa ɗansa hoton a waya.

Ina juya kyamara sai gefen ƙauyen ya shigo, rufin kwano da katangu. Ƙanena ya sa hannu ya mayar da ita gona tun kafin in yi magana. Gidan Bahaushe an gina shi ne bisa cewa ido ta ƙofa yake shigowa: zaure ya tare baƙo, katanga ta tare mai wucewa, tsakar gida kuwa a buɗe take ga sama, can mata ke daka da wanki da shan iska. Wannan na'ura ba ta sallama, kuma katanga ba ta tare ta. Ya ce ko a gidan biki, sai ya tambayi masu gida inda aka yarda ya bi, ya kuma sa a sanar da maƙwabta.

Kafin azahar iska ta fi ƙarfinmu, muka naɗe. Muka koma muka yi wa mai unguwa godiya, aka nuna masa hoton gonakin garinsa, ya sa aka kawo mana kwandon tumatir. A Kura muka tsaya muka ci shinkafa da wake, ƙanena na bin injinan jirgin da ɗan burushi yana fitar da ƙura.

Mai karatu, in kana da niyyar sayen irin wannan jirgi, ka nemi izinin hukuma tukuna, ka sami wanda ya iya ya tsaya kusa da kai, ka fita bayan gari da sassafe kafin iska ta tashi. In ka isa, ka fara da zauren mai unguwa, kuma ka kawar da kyamararka daga gidajen mutane.