Ni Ke Ba Shi Abinci, Me Ya Sa Yake Min Gurnani?

Duk wanda ya daɗe a unguwar nan ya san karnuka sun ƙaru. Lokacin da muke yara, gidajen da za ka ji haushin kare a zangon nan ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, su ma na mafarauta ne ko na mahauta. Yanzu kuwa, tun da satar awaki da babura ta yi yawa, kuma 'yan'uwanmu na ƙauyukan wajen Mariga da Rijau da Magama suka gudo cikin Kontagora saboda 'yan bindiga, wasu har da ragowar dabbobinsu da karnukansu, da wuya ka bi layi biyu da dare ba a yi maka haushi ta bayan katanga ba. Ga kuma samarinmu masu sayo irin na Turawa, su ja shi da sarƙa da la'asar kamar wanda ya fito da doki kilisa.

To, kare dai ya shigo gida, amma sanin halinsa bai biyo shi ba. Mu ba mu tashi da al'adar shafa kare ba, "kai, tafi can!" da jifa muka gada. Shi ya sa yaron da ya fara kiwon kare yau ba shi da wanda zai tambaya a gida, sai abokansa da wayar hannu.

Ɗan ƙanena, wanda bai cika shekara 17 ba, ya same ni kwanan baya fuska a murtuke. Ya ce, "Baffa, ni ke ba Duna abinci, ni ke masa wanka, amma jiya da na shafa kansa sai ya yi min gurnani har da yage baki. Abokaina sun ce raini ne, wai in zane shi tun bai saba ba." Na ce masa kul, kada ka soma. Kuma tun da na san ba shi kaɗai aka ba wannan shawara ba, na ga gara in faɗi dalilina a nan kowa ya ji.

Ɗan abin da na sani game da kare a wajen kawuna na fara samunsa, Allah ya ji ƙansa. Mafarauci ne, yana zaune a wani ƙauye da ake ratsewa daga hanyar Rijau, kuma can ake tura ni hutun makaranta idan an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, lokacin farauta ya kama. Karnukansa huɗu, ba wanda aka taɓa ɗaurewa, kuma ban taɓa jin sun ciji ɗan kowa ba. Abin da na lura da shi tun ban san ma'anarsa ba shi ne, Kawu ba ya sauko da hannu daga sama ya ɗora a kan kare. Tsugunawa yake yi, ya ba shi gefen jikinsa, ya kira sunansa, ya jira. In karen ya zo, sai ya sosa masa ƙirji da ƙarƙashin wuya. In bai zo ba, shi ke nan, ya tashi ya ci gaba da gyaran gorarsa. Wata rana na tambaye shi, ya ce, "Kai ɗan nan, mutum ne zai yi maka dariya alhali da wuƙa a hammatarsa. Kare in ransa ya ɓaci sai ya faɗa maka, in dai kana da kunne."

Gurnani yana cikin wannan faɗar. Kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai na wasa, wanda za ka ji idan 'yan kwikwiyo suna kokawa ko kuna ja-in-ja da tsumma: gajere ne, muryar ta ɗan yi sama, jikin karen kuma a sake yake, yana tsalle yana lanƙwasa. Akwai ma wasu karnukan da in sosa ta yi musu daɗi sai su riƙa wani gunaguni ƙasa-ƙasa, ido a lumshe, suna ƙara jingino maka jiki. Sannan akwai na gargaɗi, mai tsawo, daga can cikin ƙirji, jiki a sandare. Su kansu karnukan suna bambance waɗannan. A shekarar 2010 wasu masana na Jami'ar Eötvös Loránd da ke Budafes, babban birnin ƙasar Hangari, cikinsu har da Tamás Faragó, sun naɗi gurnani iri uku: na wasa, na ganin baƙon mutum, da na karen da ke tsaron ƙashinsa. Suka ajiye ƙashi mai nama, suka ɓoye lasifika a kusa, kare na matsowa sai su saki muryar. Gurnanin tsaron ƙashi ne ya fi sa karnukan ja da baya su bar naman. Sauran biyun ba su hana su sosai ba. Da na karanta na ce, yo ai Kawu da bai taɓa riƙe fensir ba ya riga su sani.

Wani abin da mutane ba su lura da shi ba, kafin kare ya kai ga gurnani ya riga ya yi magana sau uku ko huɗu ba a ji ba. Wata likitar dabbobi 'yar Ingila mai suna Kendal Shepherd ta kwatanta abin da tsani, wanda kare ke hawa mataki-mataki. A ƙasa akwai hamma ba tare da barci ba, da lasar hanci, da ƙifta ido. Daga nan ya kau da kai. Sai ya juya jiki, ko ya tashi ya bar maka wurin. In ka bi shi, ya kwantar da kunne, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu. Sai ya sandare ya kafe ka da ido. Gurnani na can kusa da ƙarshen tsanin, daga shi sai kai cafka, sai cizo. Mai shafa kuwa yana can yana hira da abokinsa, hannu na tafiya a kan kare, bai ga ko ɗaya ba. In an yi cizon sai ka ji ana cewa, "Wallahi haka kawai ya cafke shi." Da wuya ne a ce haka kawai.

Kada kuma kaɗa wutsiya ya ruɗe ka. Wutsiyar da ke lilo a sake har ƙugu na motsi daban take da wadda ta miƙe sama ƙiƙam tana rawa kaɗan-kaɗan da sauri. Ta biyun nan, janye hannunka.

Me ke sa kare ya ƙi shafa daga hannun da ke ciyar da shi? Abu na farko da nake zargi, musamman in da can yana yarda yanzu ya daina, shi ne ciwo. Shi na ce wa yaron nan mu fara dubawa. Muka je gidansu da hantsi, na sa shi ya kira Duna inuwa, muka tsaya muna kallo ba tare da an taɓa shi ba. Ba a jima ba sai ga shi yana girgiza kai, yana karkatar da shi gefe guda, yana kai ƙafar baya yana susar kunnen hagu. Bakin kunnen ƙuda sun cinye shi har ya yi ɓawo, ciki kuwa kaska ce jere kamar an shuka, ga wari. Ka ga ke nan duk sanda yaron ya ɗora hannu a kansa, kan gyambo yake ɗorawa. Wane ne za a danna masa miki ya yi shiru? Suka kai shi wajen likitan dabbobi aka wanke kunnen aka ba da magani. Bari in faɗa a nan tun da ta zo: baƙin man inji da wasu ke shafa wa kare don ƙazuwa ko kaska ba magani ba ne, yana ƙona fata, kuma in ya lasa ya shiga cikinsa. Bayan kunne, a duba haƙori, a duba ƙaya a tafin ƙafa, a duba ƙugun tsohon kare da ke tashi da ƙyar da sanyin hunturu, a duba haƙarƙarin wanda aka jefa da dutse ko babur ya buge.

In ba ciwo ba ne, to sau da yawa tsoro ne. Ka tuna tarihin hannun ɗan Adam a wajen karen unguwarmu: hannun da ya ɗaga sama, ko dutse ne a cikinsa ko sanda. Kwikwiyon da ya girma yara na jifansa a bola, don ka kawo shi gida ka ba shi tuwo wata uku, ba zai manta ba. Ka tsaya a kansa, ka sunkuyo, ka zuba masa ido, ka sauko da hannu ta inda ba ya gani, duk wannan a wajensa shirin duka ne. Sarƙa kuma tana ƙara abin. Karen da ke sake in bai so ba sai ya tashi ya tafi. Wanda aka ɗaure da guntuwar sarƙa a gindin turke, cikin ranar Maris ta Kontagora, ba shi da inda zai je. Abin da ya rage masa baki ne kawai.

Sauran dalilan kowa ya san su in ya tsaya ya yi tunani. Karen da ke cin abinci ko gwaguyar ƙashi, karya mai shayarwa, da wanda ke barci aka tashe shi da taɓi, waɗannan a bar su. Yara ƙanana su ne abin jin tsoro a nan, don su rungumo suke yi, su ja kunne, su hau baya, kuma fuskarsu daidai take da bakin karen.

Yanzu ga inda na saɓa da masu cewa a zane shi. A ce ka yi dukan, kuma ya yi aiki, Duna ya daina gurnani. Kunnen ya warke? Tsoron ya tafi? Ko ɗaya. Abin da ka koya masa shi ne in ya yi gargaɗi zai sha bulala. Gobe ƙanwarka 'yar shekara uku ta rarrafo ta kama wannan kunnen, ba zai yi gurnanin da zai sa uwarta ta taso daga madafi a guje ba. Tsallake matakin zai yi ya kai baki. Ni dai na fi yarda da karen da ke gurnani a kan wanda aka daka har ya yi shiru. Abin yi idan ya yi maka gurnani shi ne ka tsayar da hannu, ka kau da ido, ka ja baya a hankali ba da gudu ba, sannan ka zauna ka tambayi kanka me ya faru daf da hakan: ina na taɓa, me ke gabansa, wa ke kusa. Akwai ɗan gwaji mai sauƙi da na koya wa yaron. Ka sosa masa ƙirji ka ƙirga uku, ka ɗauke hannu. In ya matso ko ya zunguro ka da hanci, yana so. In ya kau da kai ko ya tashi, ya ƙoshi.

Na san wani dattijo zai ce, to wa ma ya aike su shafa kare? Ba zan shiga hurumin malamai ba. Abin da muka tashi muna ji a zaure shi ne an yarda da ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai. Mai son ƙarin bayani ga limaminmu nan. Amma ko wanda ba ya taɓa kare har abada, jikokinsa suna bin layin da karen maƙwabci yake kwance, don haka sanin nan ya shafe shi.

Akwai gurnani guda da ba ya cikin duk abin da na lissafa, kuma shi ne ya fi tsorata ni. In karen da ka sani da fara'a ya sauya hali cikin kwana biyu ko uku, yana cizon itace da ƙarfe da duk abin da ya gitta, muryarsa ta canja, yawu na dalala, ko kuma ya yi laƙwas muƙamuƙinsa ya saki kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya, kada ka kai hannu bakinsa da sunan ciro ƙashi. Wannan alamun ciwon haukan kare ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon na kashe mutum wajen 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma kimanin huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yakan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ya bayyana a jikin mutum, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, shi ya sa ake sakankancewa don an ga ciwon ya warke. In kuwa ya bayyana, sai dai addu'a.

Alhali maganin riga-kafinsa ya daɗe. Tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro allurar a Faransa ya tsira. Don haka in kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, ko na gida ne, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, a agogo ba a ƙiyasi ba, sannan a wuce asibiti ranar. Gashin karen da wasu ke ƙonawa su liƙa a ciwon ba ya hana komai. Shi kuma karen, in ana iya killace shi ba tare da wani ya shiga haɗari ba, a killace shi a sa masa ido kwana goma, likitan dabbobi ya gani. Amma ba a jiran kwana goman kafin a kai yaro asibiti.

Allurar karnukan ma a ƙasar nan ake yin ta, a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda ke nan tun 1924. Ana fara yi wa kwikwiyo daga wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara, a kuma ba ka takarda. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya. Ina roƙon mai unguwa da shugabannin matasa, kafin ta zagayo a rubuta gidajen da ke da kare a zangon nan, a haɗa kuɗi a gayyato ma'aikacin dabbobi ya zo rana ɗaya, a yi musu gaba ɗaya a filin bayan makaranta. Gidan ƙanena na riga na sa a rubuta shi na farko.