Alewar da ke Aljihun Ƙanwata

'Yan uwana ɗalibai, duk wanda ya ji cewa ƙanwata tana da ciwon suga, abin da yake fara faɗa shi ne, "Yarinya ƙarama? Ai sai ku rage mata shan zaƙi." Shekararta 11, ba ta da ƙiba, kuma ba alewa ce ta jawo mata ba.

Wanda muka saba gani a jikin iyaye da kakanni shi ne nau'i na biyu. Nata nau'i na farko ne, wanda ya fi bayyana ga yara da matasa. A bayan tumbi akwai wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas, ita ke samar da sinadarin insulin. Shi ne yake buɗe wa suga hanya ya bar jini ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. A nau'i na farko, garkuwar jiki ce take juyowa ta hallaka ƙwayoyin da ke samar da shi, sai suga ya taru a jini alhali jiki yana fama da yunwa. Shi ya sa kafin a gano, ƙanwata ta yi ta ramewa duk da ta fi ni cin tuwo. Ruwa ba ya kashe mata ƙishirwa, har ta koma fitsarin kwance da ta daɗe da dainawa. Wasu maƙwabta suka ce sammu ne. Gwajin ɗigon jini daga yatsa a asibiti ne ya raba gardama.

Maganin shi ne allurar insulin kullum, sau da yawa a rana. Ba a haɗiyarsa, domin ciki zai narkar da shi kamar nama, kuma babu jiƙon da zai maye gurbinsa. A 1921 Frederick Banting da Charles Best suka gano shi a Toronto ta ƙasar Kanada. Wanda aka fara yi wa allurar a Janairun 1922, Leonard Thompson, yaro ne, sa'anmu ke nan. Zafi yana lalata insulin, don haka idan aka ɗauke wuta, Umma takan sa kwalbar a ƙaramin tulu ta jingina shi da randa.

Abin da ya fi damuna shi ne makaranta. Idan ta yi allura kuma abinci ya makara, ko ta yi guje-guje a filin wasa, suganta yakan faɗi ƙasa da 70 a na'urar gwaji. Sai ta fara rawar jiki da gumi, magana ta sarƙe, wani lokaci ta yi ta faɗa ba dalili. A wannan halin zaƙi ne maganinta. Alewar aljihunta ba kwaɗayi ba ce, firfet ɗin da ya ƙwace ta kuwa yana iya jefa ta cikin haɗari bai sani ba.

Idan kuka ga haka ga ɗan ajinku mai wannan ciwo, ku ba shi cokali uku na sukari a ruwa ko rabin kofin lemon kwalba mai zaƙi, ku kira malami, a sake dubawa bayan minti 15. In ya riga ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti.