Alƙalan Peugeot

A Amurka, in aka kai tsohuwar Ford Mustang gasa, alƙalai har lambar inji suke dubawa. Noti ɗaya da ba na kamfani ba sai ya zubar maka da maki. Mu a Bariyenu, ƙasar Jugu, ba kofi ba alƙali, amma gardamar na nan. Kawuna yana da Peugeot 504, kullum rantsuwa yake komai nata daga Faransa ya zo. Wani bakanike daga Faraku ya buɗe bonet, ya ce: "Alhaji, kafiretan nan na Kaduna ne." Shekara biyu ke nan ba sa gaisawa. Ni dai ina nan ranar da aka canja shi, amma Kawu ne ke kai ni kasuwar Jugu.