Ranar Ƙaurar Katalog: Yadda Littafi Ke Ɓacewa Yana Kan Kanta

Littafin da yake kan kanta amma ba ya fitowa idan an neme shi a katalog, bambancinsa da wanda aka sace kaɗan ne. A babban laburare ba wanda yake bin kantoci ɗaya bayan ɗaya yana karanta bangon littattafai. Ɗalibi yakan rubuta suna a kwamfuta, idan ta ce babu, ya yarda ya kama gabansa. Ashe akwai hanyar rasa littafi wadda ba ta buƙatar gara ko gobara ko ɓarawo, kuma ranar da ta fi aukuwa ita ce ranar da laburare ya kwashe bayanan littattafansa daga tsohuwar manhaja zuwa sabuwa.

Irin wannan ƙaura ba baƙon abu ba ce. Ɗakunan karatu da yawa a Afirka sun fara da katin kwali a cikin durowa, daga nan suka koma CDS/ISIS, manhajar da UNESCO ta riƙa rabawa kyauta tun daga 1985. Wasu a Excel suka tara jerin littattafansu. Yanzu da yawa suna komawa Koha, wadda aka fara rubutawa a New Zealand a 1999, kuma kowa na iya ɗauka ba tare da biyan kuɗin lasisi ba. A baki aikin ba wuya: a fitar da fayil daga can, a shigar da shi nan. Manhajar ma takan ƙarfafa wannan zato, domin a ƙarshe takan nuna adadin bayanan da suka shiga. Abin da ba ta faɗa shi ne a wane hali suka shiga.

Abin da ke cikin fayil ɗin

Tsarin da ɗakunan karatu suka fi amfani da shi wajen musayar bayanai shi ne MARC. Henriette Avram ce ta jagoranci ƙirƙirarsa a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka a shekarun 1960, lokacin da ake adana bayanai a kan kaset mai maganaɗisu, kowane harafi yana da tsada. A 1973 siffarsa ta zama ƙa'idar duniya mai lamba ISO 2709, sannan a 1999 aka haɗe na Amurka da na Kanada aka sami MARC 21.

Kowane bayanin littafi a wannan tsari yana farawa da jagora mai gurabe 24. Biyar na farko suna faɗin tsawon bayanin gaba ɗaya. Bayan jagora sai wani jeri mai aikin taswira, wanda yake cewa gurbi kaza tsawonsa kaza, kuma daga wuri kaza ya fara. Gurbin 245 na sunan littafi ne, 100 na marubuci, 020 na lambar ISBN, 650 na batun da littafin ya ƙunsa. Manhajar da ke shigo da bayani ba ta fahimtar ko kalma ɗaya daga cikinsa. Ƙirga kawai take yi: ta tsallake kaza, ta ɗebi kaza, ta kira shi sunan littafi.

A ɗauki Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar rubutu ta 1933. Sunan haruffa 7 ne. Amma a tsarin UTF-8, wanda yawancin kwamfutoci suke amfani da shi yau, harafin ɗ yana cin ma'auni biyu na abin da ake kira bayit, don haka tsawon sunan a wurin na'ura 8 ne. Idan manhajar da ta rubuta fayil ɗin ta ƙirga haruffa, wadda za ta karanta kuma ta ƙirga bayit, taswirar ta goce da taku ɗaya. Duk gurbin da ya biyo baya zai fara daga wurin da ba nasa ba. Littafin Turanci da babu irin wannan harafi a bayaninsa zai wuce lafiya, na Hausa kuwa ya karye, ko ma a jefar da shi gaba ɗaya.

Kama da wane ba ta wane

Ba duk fayil mai siffar ISO 2709 ne MARC 21 ba. A 1977 ƙungiyar ɗakunan karatu ta duniya, IFLA, ta fitar da UNIMARC, wanda ya sami karɓuwa a Faransa da ƙasashen da suke koyi da tsarinta. Jaka iri ɗaya ce, kayan ciki ne suka bambanta. A UNIMARC sunan littafi yana gurbin 200, babban marubuci yana 700, ISBN yana 010. A MARC 21 kuwa 700 na marubuci na biyu ne ko mai fassara da makamantansu, 010 kuma lambar da Laburaren Majalisar Amurka yake bai wa bayanansa ce. Idan aka shigar da fayil ɗin UNIMARC a matsayin MARC 21, zai iya shiga ba tare da ƙorafi ba, sai dai littattafan su fito babu suna, marubutansu sun koma mataimaka. Ga harshen da ake bugawa a Zariya da Kano, ake kuma bugawa a Yamai, wannan ba matsalar nesa ba ce. Duk ranar da aka so haɗa katalog ɗaya na littattafan Hausa daga ɓangarorin iyaka biyu, ta nan za a fara cin karo.

CDS/ISIS ma tana da nata halin. Fayil ɗin da take fitarwa yana bin siffar ISO 2709, amma takan yanka shi layi-layi, haruffa 80 kowane layi, ta kuma raba gurabe da alamar # maimakon ɓoyayyun alamomin da MARC 21 ke jira. Ƙari a kan haka, kowane laburare shi yake zaɓar lambobin gurabensa a cikinta. Gurbin 24 a wani wuri na iya zama sunan littafi, a wani wuri ya zama wani abu dabam. Idan wanda ya tsara rumbun ya yi ritaya bai bar rubutu ba, sai an zauna an gano ma'anar kowace lamba ta hanyar duba misalai.

Excel da lambobin Nijeriya

Fayil ɗin CSV shi ne mafi sauƙin gani: layi ɗaya littafi ɗaya, waƙafi yana raba gurabe. Amma ma'aikatan katalog sukan juya suna, su rubuta Imam, Abubakar. Idan ba a killace sunan da alamun zance ba, waƙafin nan zai raba mawallafin Ruwan Bagaja gida biyu, Abubakar ya faɗa gurbin sunan littafi, sunan littafi ya faɗa gurbin kamfanin bugawa, haka har ƙarshen layi.

Babbar ɓarna ta fi zuwa daga ISBN. Tun 1 ga Janairu 2007 lambar ta koma mai alƙaluma 13, kuma yawancinta da 978 take farawa. Lambar da aka ware wa Nijeriya a tsarin ita ma 978 ce, shi ya sa littafin Nijeriya yake farawa da 978-978. Excel idan ya buɗe fayil ɗin CSV ya ga lamba mai wannan tsawo, yakan taƙaita ta zuwa 9.78978E+12. Idan aka adana fayil ɗin a haka, taƙaitaccen ne yake zama a rubuce, sauran alƙaluman sun tafi ke nan. Dubban littattafan Nijeriya sai su koma suna rabon lamba ɗaya ko biyu. Tsofaffin lambobi masu alƙaluma 10 da suka fara da sifiri kuma, sifirin ne yake faɗuwa.

Illar tana bayyana a mataki na gaba. Manhaja irin Koha tana ba da damar a ce: idan bayanin da ke shigowa ya yi daidai da wanda ke ciki ta fuskar ISBN, a maye gurbin tsohon da sabon. Dabara ce mai kyau ta hana maimaici. Amma idan lambobi sun gurɓace, ko kuma mai bugawa ya maimaita lamba ɗaya a kan littattafai daban-daban, kamar yadda yakan faru a ƙananan maɗaba'u, sai wani littafi ya hau kan wani ya shafe shi.

Haruffa masu ƙugiya

Tsohon jerin haruffan MARC, wanda ake kira MARC-8, ba shi da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Ma'aikatan katalog a Amurka sun yi dabarar rubuta harafin da ya fi kusa su ja masa layi biyu a ƙasa. Wasu kuma sun bar shi b ko d ko k kawai. A MARC-8 irin wannan alama tana zuwa kafin harafinta, a Unicode kuwa bayansa take zuwa. Idan aka juya fayil ba a sauya musu wuri ba, layin da aka ja wa d a Ganɗoki zai koma ƙarƙashin n. Gurbi ɗaya tak a cikin jagora, mai lamba 09, shi ke faɗin wane jerin haruffa aka yi amfani da shi: idan fanko ne MARC-8, idan akwai harafin a Unicode. Idan wannan gurbi ya yi ƙarya, duk fayil ɗin a karkace za a karanta shi. Haka nan idan aka buɗe rubutun UTF-8 da tsohon jerin haruffan Windows na Yammacin Turai, ƙasa takan zama Æ™asa.

Wani zai ce ai a cire ƙugiyar kowa ya huta. Amma Bahaushe ya san baki dabam baƙi dabam, kafa dabam ƙafa dabam. Sunan da ke bangon littafi shaida ce, kuma aikin katalog ne ya riƙe ta yadda take. Sauƙin da ake nema wurinsa injin bincike ne: a saita shi ya ɗauki k da ƙ a matsayin abu ɗaya lokacin nema, ya kuma san cewa 'ya'ya na Nijeriya da ƴaƴa na Nijar kalma ɗaya ce, alhali bayanin yana nan da rubutunsa na asali.

Akwai kuma abin da yake zubewa saboda sabon mazubi ba shi da wurinsa. MARC 21 yana da gurbin 880 don rubuta suna da haruffansa na asali, kamar Larabci ko Ajami, a ɗaure da wanda aka rubuta da boko. Yana da wuri a gurbin 008 inda ake sa hau don nuna harshen Hausa. Yana da alamar da ke cewa a tsallake al- na farkon sunan littafin Larabci wajen jerawa. Dublin Core, tsarin da ya samo asali daga wani taro a 1995 kuma rumbunan jami'o'i suke yawan amfani da shi, ginshiƙansa 15 ne kacal. Bayanin da ya bi ta cikinsa ko ta CSV ya dawo, ba ya dawowa da duk abin da ya tafi da shi.

Dalilin da ya sa abin ya fi shafar littafin Hausa

Idan bayanin wani littafin kimiyya da aka buga a Landan ya lalace, gyaransa na minti ɗaya ne, domin ɗaruruwan ɗakunan karatu suna da shi, sai a sake jawo shi ta intanet. Littafin da marubuciya ta buga da kuɗinta a Kano a shekarun 1990, ko ɗan littafin waƙoƙin wa'azi da aka buga babu ISBN babu shekara, sau da yawa bayaninsa ɗaya ne a duniya. Wani ma'aikaci ne ya riƙe littafin a hannu, ya ƙiyasta shekararsa, ya tantance ko sunan da ke bango na mutum ne ko na gari, ya rubuta. Idan wannan ya lalace a hanya, babu inda za a je a aro wani.

Shi ya sa ma'aikacin da ya san aikinsa yake da 'yan al'adu marasa ban sha'awa. Yakan ajiye fayil na asali a wurin da ba mai taɓa shi, ya yi aiki a kan kwafi. Yakan riƙe tsohuwar lambar kowane bayani a cikin sabon, don a iya komawa a gwada. Ba ya buɗe CSV da danna shi sau biyu, sai ya fara gaya wa Excel cewa gurbin ISBN rubutu ne. Yakan duba fayil da manhaja irin MarcEdit kafin ya kai shi katalog. Koha tana ajiye bayanai a zaure kafin su shiga cikin gida, tana kuma ba da damar janye abin da aka shigar, don haka yakan fara da ɗari ko ɗari biyu. Kuma ba ya zaɓar masu sauƙi don gwaji. Yakan nemo mai ƙugiya a suna, mai Ajami, mai marubuta uku, mai juzu'i da yawa kamar Magana Jari Ce, wanda ba shi da ISBN. Bayan an gama, sai ya ɗauko littattafai daga kanta ya neme su a kwamfuta yadda ɗalibi zai nema.

Wannan aiki yana cin makonni, kuma shugabannin da suka ware kuɗin sabuwar manhaja sukan ƙagu su ga ranar buɗewa. Ya kamata masu sa hannu a takardar kammala aiki su sani cewa adadin bayanan da suka shiga ba ya nuna komai game da lafiyarsu. Tambayar da ta dace su yi ita ce littattafai nawa aka ɗauko daga kanta aka nema aka samu, kuma nawa ne daga cikinsu na Hausa.