Tsamin Nono Da Ɗumamen Shinkafa

'Yar'uwa, tun muna yara ake tsoratar da mu da ƙwayoyin cuta, a makaranta da gidan rediyo, har ta kai mace in ta ji an ce akwai halittun da ido ba ya gani a cikin abinci sai tsigar jikinta ta tashi. To amma fa da za a kashe su duka yau, gobe babu nono, babu koko, babu waina, miyar kuka ma sai ta yi lami don babu daddawa.

Dubi matan Fulani da ke shigowa kasuwar Talatar Mafara da ƙorai a ka. Madarar jiya ce ta kwana ta zama nono. Wasu ƙananan halittu ne suka cinye zaƙinta suka mayar da shi tsami. Wani masani ɗan Faransa, Louis Pasteur, ya bayyana haka a 1857, amma Bafulatana ta riga shi sanin aikin, don takan zuba ɗan tsohon nono a sabuwar madara. Iri ke nan take shukawa. Tsamin nan kuwa ba daɗin baki kaɗai ba ne, yana hana yawancin miyagun ƙwayoyi hayayyafa. Haka kamu, haka ƙullun waina.

Daddawa ita ce ta fi ba ni mamaki. Kakata a Bakura takan wuni tana dafa kalwa, ta surfe, ta wanke, ta sake dafawa, sannan ta zuba a kwando ta lulluɓe ta ajiye a ɗaki kwana biyu ko uku. Mu yara mu toshe hanci, ita kuwa ta ce, "Ku bar ta, kwana takai." Ashe wata halitta ce, masana na kiranta Bacillus subtilis, ke narkar da kalwar da ciki ba zai iya sarrafawa ba, ta mayar da ita abin da ke ɗaga miya. Warin da muke gudu, shaidar aikinta ne.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, wannan halitta tana da 'yar'uwa, gidansu ɗaya amma hali ya bambanta. Sunanta Bacillus cereus, a ƙasa take zaune, tana kuma bin ɗanyar shinkafa har cikin tukunya. Mu kuwa tun da aka gama dam ɗin Bakolori a 1978, shinkafa ta zama abincin yau da kullum daga Maradun har Bakura. Wannan ƙwaya tana da ɓawo mai tauri, tafasa ba ta kashe shi. Idan aka sauke shinkafa aka bar ta a rufe cikin kula, musamman da bazara, sai ta farfaɗo ta hayayyafa ta zuba dafi. Dafin nan wuta ba ta karya shi. Kin ɗumama da safe har tana tururi, ba wari, ba yauƙi, yaro ya ci, cikin awa 1 zuwa 6 ya kama amai. Sai a ce shawara ce, ko haƙori, ko kambun baka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba a firji ba, ba a kan wuta ba. Na san za ki ce ina wutar lantarkin, ina firjin? Gaskiyarki. Ban kuma ce a daina ɗumame ba, wa ya isa a wannan tsadar? Amma ni dai shinkafar dare gwargwadon ciki nake dafawa, ko maigida zai ce na cika ƙwauro. In ta yi saura manya su cinye kafin a kwanta. Ƙaramin yaro da mai ciki da tsoho, kokon safe mai zafi ya fi masu.

Nonon ma da na yaba, tsaminsa ba ya maganin abin da aka zuba masa daga baya. Ana sirka shi da ruwa, ana jefa ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba, ana dama fura da ludayin da ƙuda ya gama yawo a kai. A 2021 mutum sama da 100,000 aka yi zaton sun kamu da amai da gudawa a Nijeriya, sama da 3,000 suka rasu, Zamfara na cikin jihohin da abin ya taɓa, kuma ruwa mai ƙazanta ne babbar hanyarsa. Shi ya sa nake sayen nono da kaurinsa, in zo gida in dama da ruwan da na tafasa ya huce a randa. Madara kuwa, in ɗanya aka kawo mini, sai ta hau wuta kafin in sa mata tsohon nono.